Baba Isaka Takawa, Masanin Ƙudan da ke Yankan Ganye

Ranar Laraba, sha biyar ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, ina tsaye gaban allo a kolej ɗin Garhanga sai darekta ya leƙo ta taga ya yafito ni. Muka yi nisa da aji. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Mushe Umar, sai haƙuri. Baba Isaka ya cika." Allah ne ya ba mu aronsa, shi ne ya karɓi abinsa, kuma inda ya tafi can muka dosa gaba ɗayanmu. An yi masa sutura bayan azahar. Muna ɗauke da makara muka ratsa ta zauren gidansa, sai da muka karkata ta saboda ƙuncin ƙofar. Tun ranar da aka dawo da shi daga gidan likita, shekara goma sha uku ke nan, wannan ne karo na biyu da ya fita daga gidan.

Ni ba ɗan'uwansa ba ne. Mutumin Madawa ne ni, malamin kimiyyar halittu, Mushe kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan, aiki ne ya kawo ni wannan gari. Amma na zauna gefen tabarmarsa shekara bakwai, kusan kowace Alhamis da yamma, kuma abin da na sani game da shi ya yi mini nauyin da ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba.

Baba Isaka, kai da bakinka ka ba ni labarin rayuwarka ta farko. Ka ce kakanka na wajen uba bai yi salla ba sai da ya tsufa, kuma a zamaninsa shi ake tambaya yadda damina za ta kasance, domin yana lura da fitowar kowane ƙwaro da kukan kowane tsuntsu. Daga wajensa ka gaji zura wa ƙaramin abu ido. Ka yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, sannan ka kama aikin renon itatuwa a wani aikin gyaran ƙasa da aka yi a wannan yanki. Babu tudu ko fadama daga nan zuwa Keita da ba ka taka da ƙafarka ba. Wata damina aka kawo wata baturiya masaniyar ƙwari, aka haɗa ku don ka nuna mata daji. Da za ta koma ta bar maka madubin ƙara girma, wanda kake kira lup, da wani dami na takardun hotokofi da Faransanci masu bayanin yadda ake rarrabe ƙudan zuma na daji. Ka jefa su cikin akwati ka manta da su.

A shekarar 2012 kamiyon, babbar motar da ke jigilar duwatsu, ya kife da ku a gangaren tudu. Ku huɗu ne a samansa. Biyu suka rasu nan take, ɗaya ya tashi da karaya, kai kuma ƙashin bayanka ya tafi. Bayan wata shida aka dawo da kai gida, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. An taɓa ba ka keken guragu, amma lungunan unguwarku duwatsu ne da rairayi, ga ƙofar zaure ba ta wuce shi sai an naɗe. Keken ya ƙare a bayan rumbu, kaji na kwana a kai. Duniyarka ta koma ɗaki ɗaya, da rumfar kara da ke ƙofarsa, da tsakar gida mai taku goma sha huɗu, da magarya guda, da kan dutsen gabas da ke leƙowa ta saman katanga.

Ka ce mini shekara biyun farko ba ka san yadda suka wuce ba. Ka roƙi Allah mutuwa, daga baya ka roƙe shi gafarar wannan roƙo. Sai wata rana kana kwance ka ga wani ƙuda ya sauka kan ganyen tafasar da ta fito kusa da randa, ya yanke wani ɓangare kamar da almakashi, ya naɗe shi tsakanin ƙafafunsa ya tashi da shi, ya shige cikin wani karan rumfar da ke daidai saman kanka. Ka ce a ciro maka akwatin nan.

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi mini daɗi ba, kuma gara in faɗe ta yadda ta faru. A ƙarshen daminar 2018 matan ƙungiyar lambu suka zo wajena, shugabarsu Fatsima na gaba, riƙe da ganyen ƴan itatuwan da suke reno da ganyen wakensu, duk an yayyanke gefensu. Na duba sama-sama na ce tsutsa ce, su nemi magani su fesa. Fatsima ta ce to, amma bari a nuna wa Baba Isaka tukuna. Na ji haushi ƙwarai. Ni da na yi karatu a Yamai, a ce sai an tambayi gurgu a ƙarƙashin rumfa? Haka na faɗa a zuciyata, kuma Allah ya yafe mini. Na bi su ne don in ga abin da za ka ce.

Ka karɓi ganyen ka ɗaga shi wajen haske. Ka ce, "Mushe, zamna nan kusa. Dibi bakin yankan ga. Tsutsa in ta ci ganye tana barin shi kaca-kaca, tana barin kashinta. Wanga hwa? Sumul. Ga mai kewaye kamar kwabo, ga mai tsawo kamar ƙwai. Wanga aikin tela na."

Sannan ka miƙa hannu ka zaro wani kara daga rumfar, ka tsaga shi da reza a hankali. A ciki ga ƙananan ɗakuna jere, kowanne an yi masa bango da dogayen yankan ganye, an rufe bakinsa da masu kewaye, a cikin kowanne ga dunƙulen garin fure da ƙwai guda. Ka ce wa matan wannan ƙuda ba ta cin ganyen, shimfiɗa take yi wa ƴaƴanta, itacen ba zai mutu don an ɗebi wannan ɗan gefe ba. Ka ce su je da safe su tsaya cikin waken, za su gan ta tana shiga fure tana fita. In suka fesa magani ita za su fara kashewa, tare da sauran masu yi wa furen hidima. Matan ba su fesa ba. Itatuwan suka tashi, waken ya yi. Ni kuwa na koma gida da kunya, ranar Alhamis na dawo da littafin rubutu.

Abin da ka koya mini a wannan rumfa ban same shi a kowane aji ba. Ka hana ni furta sunan ƙwaro kafin in gama kallonsa. Ka ce in fara da inda take ɗaukar garin fure: ƙudan zuma da muka sani a ƙafafun baya take ɗaura shi, mai yankan ganye kuwa a ƙarƙashin ciki take da gashi mai kauri kamar burushi, nan take tara shi, shi ya sa in ta sauka kan fure takan ɗaga bayanta sama. Sai in dubi kai, mai faɗi ne, da muƙamuƙai manya masu haƙora, in ƙirga haƙoran. Sai fiffike, in nemi ƴan ɗakunan da jijiyoyi suka zana kusa da gefen gaba, nata biyu ne, na ƙudan zuma uku. Sai launin gashin ciki, da na fuska, da ko akwai fararen ɗamaru a baya. Namiji ba shi da wannan burushi, ba ya yanka, ba ya gini, kuma ƙahonsa ya fi na mace da gaɓa ɗaya. In na yi gaggawa sai ka ce, "Mushe, ba ka gani ba tukun, zato kake." Na fi shekara ina jin wannan magana.

Kana huda karan dawa da waya, kowane dami da faɗin raminsa, Inna Hajjo, maiɗakinka, tana rataye maka su a jikin rumfa don ƙudan su yi gida a ciki. Ba ka son kashe su. In za mu duba wata sai in kama ta da kofin shayi, mu sa ta a kwalba, mu ɗora kan ƙanƙarar da nake sayowa wajen mai shagon da ke da firiji, har sanyi ya sa ta lafa. Muna da ɗan lokaci kaɗan kafin ta farfaɗo. Ta haka ka rarrabe iri huɗu a cikin wannan tsakar gida, ka samo sunan kowacce a takardun baturiya, ka kuma ba su naka sunayen: Farar-ciki, Mai-ɗamara, Ƙarama, da Jar-wuya. Kaye tara, wato littattafan rubutu, ka cika da zane da rubutu, kana kwance rigingine, allo a kan ƙirjinka.

Ba zan ce kai mutum ne marar fushi ba, domin ba ka son a yi maka ƙarya kana raye. Akwai ranakun da nakan zo in tarar ka juya fuska ga bango, in yi sallama ka amsa da ƙyar. Akwai lokacin zafi da gyambon kwanciya ya ci bayanka, ƙudaje na binka, ka ce mini kana jin jikinka kamar ramin da aka jefa ka aka rufe. Abin da ya fi cin ranka kuwa ba naka ba ne, na Inna Hajjo ne. Ita ke juya ka, ita ke wanke ka, ita ke ɗauke abin da ba a faɗa. Ɗanku Abdulƙadir yana Abijan wajen nema, ƴarku Raihana tana aure a Dewule, saboda haka babu mai karɓarta. Lokacin da mahaifiyarta ta rasu a Tamaske ta tafi da safe ta dawo kafin la'asar, ko kwanan zaman makoki ɗaya ba ta yi ba. Ranar ka jira ta shiga madafa, sannan ka ce mini ƙasa-ƙasa, "Kamiyon nan mutum biyu ya danne cikin gidan ga, Mushe. Ni dai aka gani." 

Duk da haka mutane ba su daina zuwa wajenka ba, kai ma ba ka taɓa korar kowa ba. Manomi ya zo da zangarniyar gero da wani abu ya ci, mace ta zo da ƙwaron da ta tsinta cikin rumbu, kowa ka duba masa, ka gaya masa wanda ya cancanci magani da wanda za a ƙyale. In ba ka sani ba sai ka ce ba ka sani ba. Ni kaina, a shekarun farko, kowace shekara sai na rubuta takardar neman a canza mini wurin aiki, ba a taɓa amsa mini ba, ina ganin an manta da ni a bayan duwatsu. Na taɓa kawo maka wannan kuka, sai da na gama na tuna wanda nake gaya wa. Ba ka yi mini gori ba. Ka ce kowa da irin katangarsa, ka miƙo mini lup ka ce in duba wata Ƙarama da ta fara lafawa.

A daminar 2021 wata ƙuda, iri na biyar, ta bayyana. Ta fi sauran girma. Muka kama ta muka duba: gashin cikinta ja ne daga gaba, baƙi a gaɓoɓi biyu na ƙarshe, fuskarta fara, bakin fukafukanta da duhu kamar hayaƙi, ba ta da ɗamara ko ɗaya. Ka buɗe takardun, sai ga shi shafukan da ke bayanin manyan mata irin wannan gara ta cinye su tun suna cikin akwati. Shafukan maza ne suka tsira. Ka ce ba yadda za a san ta sai an sami namijinta, kuma ba yadda za a tabbata namijinta ne sai ya fito daga ramin da ita ta gina. Ita kuwa ba ta kula karanka ba ko sau ɗaya. Takan zo ta yanki ganyen magarya, ta tashi ta haye katanga, ta miƙe gabas wajen dutse. Ka sa mata suna Baƙuwa. Ka fara tunanin ko irin da ba a taɓa rubutawa ba ce, kuma na ga yadda wannan tunani ya riƙe ka kamar igiya.

Damina biyu ina hawa dutsen nan ina neman gidanta, ban samu ba. Kullum na dawo sai ka tambaye ni wane gefe na bi, wane irin rami na gani, ƙarshe ka yi tsaki ka ce da kai ne da ka gane wurin cikin sa'a guda, domin ka san kowane tsagin dutsen tun kana kiwo. A watan Agusta na 2023 ka ce a kai ka.

Inna Hajjo ba ta so ba, amma ba ta hana ba. Na ari amalanken jaki, muka shimfiɗa katifa da matasai, mu huɗu muka ɗauko ka a bargo muka ratsa zaure. Da muka fito lungu ka ce a tsaya. Ka daɗe kana kallon hanyar, da masallacin unguwa da aka sāke wa gini ba ka gani ba, da wata kuka da ka bari a tsaye yanzu babu ita. Mutane suka fito suna gaishe ka, wasu tsofaffi na share hawaye. Kowane dutse da ƙafar amalanke ta hau sai na ga ka cije leɓe, amma ba ka ce a koma ba. Kana ta nuna mini gonaki kana faɗin masu su.

Da muka kai ƙoramar da ke tsakanin gari da dutse sai muka tarar ta cika ta batse. Mu nan ba a yi ruwa ba, ashe an yi shi a tudun arewa da asuba. Jan ruwa na gudu da rassan itace, jakin ya kafe ya ƙi matsawa. Dutsen yana nan gabanmu, har ana ganin awaki a jikinsa. Muka jira daga hantsi har rana ta take, ruwan bai ragu ba, ga zafi ya fara taɓa ka, ga hadari na haɗuwa. Na ce, "Baba, mu koma, gobe ma rana ce." Ka ce, "Ku ɗauke ni a kai ku ƙetare." Na ce ruwan ya kai ƙirji, ba zan yi ba. Ka dube ni irin kallon da ba ka taɓa yi mini ba, sannan ka rufe fuska da hula. Muka juya. Jijjigar wannan rana ta buɗe maka gyambon da ya yi wata uku bai rufe ba, malamin likita ya ce kada a sāke. Kwana tara ba ka yi wa kowa magana ba sai amsa sallama. Har yau ina tambayar kaina ko da mun bari sai washegari, ko da mun fita tun da sassafe. Ban sani ba.

Fatsima ce ta kawo mafita, ba ni ba. Ta zo gaishe ka ta ce su da ke hawa dutsen neman itace da ganyen miya kullum, me zai hana a ba su karan su rataye can? Ka kwatanta mata Baƙuwa, ka sa ta maimaita: babba, farar fuska, ciki ja da baƙin ƙarshe. Daminar da ta biyo baya mata goma sha ɗaya suka rarraba damin kara a tsagogin dutse da rassan ƙaya. Cikin watan Satumba wata mai suna Aminatu ta tsaya ta ga ƙudar da idonta tana shiga wani kara da ganye, ta ɗaura masa tsumma don shaida, ta jira kwana huɗu har ƙudar ta toshe bakinsa, sannan ta kawo maka shi naɗe a gefen zanenta. Ka riƙe karan nan da hannu biyu. Ka sa aka zura shi cikin babbar kwalba, aka rufe bakinta da ƙyallen gidan sauro, aka rataye inda kake iya taɓawa.

Sai jira, domin ba za su fito ba sai wata damina. A cikin wannan jira ne idonka ya fara tafiya. Da farko ka ce lup ɗin ne ya yi datti. Kafin azumi ka daina rubutu, kafin zafi ya ƙare ba ka gane fuska sai murya. Aka ce yanar ido ce, ana iya cirewa a birni, amma jikinka ba zai ɗauki tafiyar ba. Mutumin da aka bar wa ido kaɗai, shi ma aka karɓe. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi a kan wannan ba, sai dai kowace safiya kakan miƙa hannu ka kai kwalbar kunnenka.

Ranar wata Asabar cikin watan Yuli na bana, mako biyu bayan ruwan shuka, ina gida ban tafi hutu ba, sai ga kiran Inna Hajjo a waya. Ta ce, "Mushe, ka zo maza, wani abu na ƙugi cikin kwalba." Na biya na sayi ƙanƙara na iso da gudu. Guda ɗaya ne ya fito, ƙarami a kan uwar. Muka sanyaya shi, na ɗora shi kan farar takarda, na ɗauki lup, kai kuma ka juyo da fuskarka wajena.

Ka ce, "Hwaɗa min ciki. Akwai burushi?"

Na ce babu.

"Ƙidaya gaɓoɓin ƙaho. Kada ka yi sauri."

Na ƙirga sau biyu, na ce sha uku.

"Namiji na. Alhamdu lillahi. To ƙahwar gaba, siririya ta ko mai hwaɗi?"

Na ce mai faɗi ce, fara-fara, da dogon gashi a gefe kamar geza. Ka ce in buɗe takardun in karanta tambaya ta gaba. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa da Faransanci, ina dubawa, ina gaya maka, kai kana cewa in tsallaka zuwa lamba kaza, domin ka haddace su. Ko akwai ƴar ƙaya a gindin ƙafar gaba. Ko gefen gaɓar ƙarshe ta baya a daidai yake ko da tsaga a tsakiya. A nan na ce a daidai yake. Ka ce, "Ka gani ko zato kake?" Na juya shi wajen haske, sai ga tsagar, da ƴan haƙora a kowane gefe. Ƙafafunsa sun fara motsi. Muka sauka kan layi na ƙarshe, ga suna a rubuce, kalmomi biyu na Latin da har yau harshena ke tuntuɓe a kansu.

 Shekara huɗu kana riƙe da fatan cewa ba a san ta ba, ga shi an san ta tun kafin a haife ka. Na ji tsoron abin da wannan zai yi maka. Sai ka ce in karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin sunan. Na karanta wuraren da ake samunta, ƙasashe ne jere tun daga bakin teku a yamma har can gabas mai nisa. Ka yi ƴar dariya, ka ce, "Ashe Baƙuwa ba baƙuwa ba ta. Danginta sun cika duniya. Mu na ba mu tahi ko'ina ba." Sannan ka ce in rubuta sunan a kaye na tara, da kwanan wata, da sunan Aminatu da ta samo karan, da na Fatsima. Na ce ko mu ajiye shi a soke da allura don shaida? Ka ce in ɗauki hotonsa da waya ya isa. Ya gama farfaɗowa a kan takardar, ya goge ƙahonninsa, ya tashi. Ka tambaye ni inda ya bi, na ce ya haye katangar gabas. Ka ce, "To." Ka nemi ruwa ka sha, ka ce wa Inna Hajjo yau kana son fura mai yawa.

Bayan wannan jikinka ya yi ta ja baya. Ciwon mafitsara da ya daɗe yana taso maka ya dawo da zazzaɓi, magani ya daina kamawa. Alhamis ɗin ƙarshe da na zo ka ce in ɗauki kaye tara da lup da takardun in tafi da su. Na ce a bari sai ka ji sauƙi. Ka ce, "Mushe, ɗauka. Kada gara ta riga ka." Ka roƙe ni gafarar kallon da ka yi mini a bakin ƙorama. Alhali ni ne ya kamata in roƙe ka. Inna Hajjo ta ce ranar Laraba ka yi sallar asuba da ishara, ka yi ta salati, ka cika rana na fitowa, kanka a kan cinyarta.

Ya Allah, ga bawanka Isaka ɗan Takawa ya zo gare ka. Ka jarrabe shi da abin da ƙalilan ne za su iya ɗauka, ya ɗauka, ya yi tuntuɓe ya tashi, bai yanke ƙauna daga gare ka ba. Ka sa kowace rana ta wannan kwanciya ta zama kankarar zunubi a gare shi. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa iyakar ganin ido, ka haskaka shi, ka tashe shi ran gobe a kan ƙafafunsa, ka sa Aljanna ce makomarsa tare da iyayensa da namu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Abdulƙadir, wanda labari ya iske a Abijan kuma hanya ba ta ba shi damar ganin gawar mahaifinsa ba. Ka sani kullum yana ambatonka da alheri, bai taɓa ganin laifin tafiyarka ba. Ina yi wa Raihana da maigidanta da ƴaƴansu a Dewule, da dangi na Garhanga da Tamaske, da Fatsima da matan ƙungiyar lambu, da duk manomin da ya taɓa shiga wannan zaure da ganye a hannu. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ta'aziyyata mafi nauyi ga Inna Hajjo take. Inna, abin da kika yi babu mai iya biyan ki sai wanda ya halicce ki, kuma ina roƙonsa ya biya ki da mafi kyawun abin da yake biyan masu haƙuri. Jiya na je gaishe ta, na same ta zaune a ƙarƙashin rumfar cikin kayan takaba. Ta ce mini har yanzu in rana ta kai wani wuri sai ta zabura ta miƙe don ta juya shi, sai ta tuna. Wata huɗu da kwana goma ne a gabanta cikin wannan tsakar gida. Ina roƙon matan garin nan da duk wanda ya karanta wannan kuma yake kusa, kada ku bar ta ita kaɗai. Ku shiga ku zauna da ita.

Allah ya jiƙan Baba Isaka, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Umar Muhammadu
Garhanga